Kiɗan Ƙarfe da Garin Kuza

A arewacin ƙasar Jamus, tafiyar kamar awa guda a mota daga birnin Hambug, akwai wani ƙauye mai suna Wacken. Mutanensa gaba ɗaya wajen dubu 2 ne, kuma tun asali manoma ne da masu kiwon shanun madara. In ka bi ta ƙauyen a watan Fabrairu ko Nuwamba, babu abin da za ka gani sai ciyawa da shanu da sanyi. To amma duk shekara, in ƙarshen watan Yuli ya yi ko farkon Agusta, mutum dubu 75 zuwa dubu 85 ne ke sauka a wannan wuri daga ƙasashe daban-daban na duniya, kusan kowa cikin baƙaƙen kaya, su kafa tantuna a makiyayar shanun nan su kwana uku ko huɗu suna sauraron wani irin kiɗa da Turawa ke kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. Ni dai kiɗan ƙarfe nake ce masa.

Abin ya faro ne a shekarar 1990, lokacin da wasu samarin yankin, Thomas Jensen da Holger Hübner, tare da abokansu suka shirya wasa a cikin wani ramin da ake ɗiban tsakuwa a gefen ƙauyen. Wajen mutum 800 ne suka zo a wannan shekara, kuma ƙungiyar kiɗan shi Jensen ɗin tana cikin waɗanda suka hau dandamali. Sun yi shekaru suna fama da bashi kafin abin ya tsaya da ƙafarsa. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan tarukan kiɗan ƙarfe a duniya, har ta kai ana sayar da tikitin shekara mai zuwa ya ƙare cikin 'yan sa'o'i. Annobar korona ta hana a yi shi a 2020 da 2021. A 2023 kuma ruwan sama ya mayar da filin taɓo, dole aka rufe ƙofa bayan mutum wajen dubu 61 sun shiga, saura suka juya gida da tikitinsu a aljihu.

Na halarci wannan taro sau ɗaya, a 2008, zamanin da nake zaune a Hambug, shekarar da ƙungiyar Iron Maiden ta ƙasar Ingila ta yi wasa a wurin. Wani abokin aikina ne Bajamushe ya dame ni har na yarda na bi shi. Mai karatu, in gaya maka gaskiya, ƙarar ba kunnenka take fara samu ba, ƙirjinka take duka, kamar kana tsaye kusa da injin niƙa guda ɗari an kunna su lokaci guda. Lasifikoki an jera su sama da tsawon bene. A gaban dandamali matasa kan buɗe da'ira su yi ta gudu suna bangazar juna, wanda bai sani ba zai rantse faɗa ne ya kaure. Amma da zarar wani ya faɗi ƙasa, sai ka ga hannaye huɗu ko biyar sun miƙo an ɗaga shi, an kakkaɓe masa taɓo, an ci gaba. In wani ya yar da tabarau ko takalmi, wanda ya tsinta zai ɗaga shi sama har mai shi ya hango.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne mutanen ƙauyen. Tsofaffi suna zaune a kujeru a ƙofar gidajensu suna ɗaga wa baƙi hannu, wasu sun baza tebur suna sayar da kofi da burodi, yara ƙanana suna ta dakon kayan baƙi a kekunansu masu ƙafa huɗu suna samun na kashewa. 'Yan kwana-kwanan ƙauyen, waɗanda aikin sa kai suke yi, suna da ƙungiyar masu busa ƙaho, kuma su ma ana ba su dandamali, su yi ta busa waƙoƙin gargajiyar Jamusawa, ƙartin nan masu gashi har kafaɗa suna tsalle suna kaɗa kai kamar wasu manyan taurari ne suka zo. Wata 'yar ƙasar Koriya mazauniyar Jamus, Sung-Hyung Cho, ta yi fim a kan wannan zaman na manoma da baƙinsu mai suna Full Metal Village a 2006, wanda ya samu dama ya nema ya kalla.

Na san wani zai ce, to Malam, mu ina ruwanmu da taron mashaya masu zanen ƙwarangwal a riga? Gaskiya ne, ana shan giya a wurin ba ta wasa ba, har a 2017 sai da masu shirya taron suka binne bututu na kilomita 7 a ƙarƙashin ƙasa don tura ta zuwa filin. Akwai kuma ƙungiyoyin da kalamansu da hotunansu ba su dace da tarbiyyar Musulmi ko ta Kirista ba. Ba tallan wannan nake yi ba. Tarihin kiɗan ne ya ja hankalina, domin da na bi salsalarsa sai na ga ya bi ta kusa da ƙofar gidanmu a Bukuru.

Kiɗan ƙarfe ɗan masana'anta ne. A birnin Bamingham na ƙasar Ingila aka haife shi, garin maƙera da kamfanonin narka ƙarfe da ƙera motoci, inda hayaƙi ya yi yawa har ake kiran yankin da ke maƙwabtaka da shi Baƙar Ƙasa. A unguwar Aston ta talakawa ne wasu samari huɗu suka haɗu a 1968, suka zama ƙungiyar Black Sabbath, faifansu na farko ya fito ranar 13 ga Fabrairun 1970. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, lebura ne a wata masana'antar yanka faifan ƙarfe. Yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wurin aikin, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, kuma da yake bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya. Sai ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya rufe da fata, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don su rage masa zafi. Sassautawar nan ita ta ƙara wa sautin kauri da duhu. Wato dai wani ɓangare na wannan kiɗa da dubban mutane ke kwana a taɓo dominsa, daga haɗarin da lebura ya yi a bakin aiki ya samo asali. Ƙungiyar Judas Priest ma daga wannan yanki ta fito, mai jitarsu Glenn Tipton ya yi aiki a kamfanin ƙarafa na British Steel, kuma sunan da suka sa wa faifansu na 1980 ke nan.

To mu dawo gida. Bukuru ma garin ƙarfe ne, kuza ce ta kafa shi ta raya shi. Tun kafin zuwan Turawa, Hausawan Riruwai sun san kuza, suna wanke ta a rafi su narka ta su mayar da ita siraran sanduna kamar tsinken tsintsiya, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan sanduna ne suka faɗa hannun ma'aikatan kamfanin Neja, suka yi ta bin sawu har suka gano inda abin yake fitowa. A tsakanin 1903 da 1904 Kanar H. W. Laws ya hau tsaunin da sojoji ya yi sansani a Naraguta, kuma mutanen ƙasar, Birom da maƙwabtansu, ba da son ransu aka karɓe gonakinsu ba, bindiga ce ta yi magana. Kafin a yi shekara goma kamfanoni sun cika wurin. Ƙaramin jirgin ƙasan da ya taso daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, babban layin dogo ta Kafanchan ya zo a 1927, shi kuma ƙaramin aka rufe shi a 1957. Kamfanin lantarki na NESCO, wanda aka kafa a 1929 don ya ba injinan haƙar kuza wuta daga ruwan Kurra, ya sa wannan yanki ya san lantarki tun manyan biranen Arewa da dama suna kwana da fitilar aci-bal-bal. Babban kamfanin kuza na ATMN ma a nan ya yi kaka-gida.

Su wa suka yi aikin? Kowa da kowa. Bakano da Bakatsine da Basakkwace da Babarbare, Tibi daga Binuwai, Ibo da Yarabawa da Urhobo a matsayin akawu da kanikawa da direbobi, su kansu Birom maza da mata da kwanon sarki a ka suna kwasar ƙasa daga rami. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta juyo kanmu. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas ɗin nan da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, inda aka kwaso talakawa sama da dubu 100 daga lardunan Arewa aka zuba su a ramukan kuza. Mutumin da ya taso a zafin Sakkwato, aka kawo shi sanyin Filato ba bargo ba wadataccen abinci, da dama ba su koma gida ba. A 1943 aka fitar da kuza wajen tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Masanin tarihi Bill Freund ya rubuta littafi sukutum a kan waɗannan leburori a 1981, kuma abin takaici ne a ce 'ya'yan Bukuru ƙalilan ne suka taɓa ganinsa.

Kuzar nan a buhu ake loda ta a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, a kai ta Ingila wajen Libaful a narka, har sai farkon shekarun 1960 da aka buɗe masana'antar narkawa ta Makeri a Jos. Da ita ake shafe faifan ƙarfen da ake yin gwangwani don kada ya yi tsatsa, da ita kuma ake haɗa dalmar da masu gyaran rediyo ke liƙe waya da ita. Babu jitar lantarki ko na'urar ƙara sauti da za ta yi ƙara ba tare da wannan liƙi ba. Wani lokaci nakan yi tunanin ko a cikin kayan kiɗan samarin Bamingham akwai ɗigon kuzar da wata mata Birom ta ɗauko a ka. Tunani ne kawai.

Shi ma garin kuza ya haifi mawaƙin leburorinsa. A Bukuru aka haifi Adamu Wayya a 1946, shekara biyu ke nan da ƙare ɗiban gwamna. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu, mahaifiyar ma ta bi shi tun yaron yana ƙarami, Sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan sunan Ɗan Maraya ya samo asali. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ne ya ga masu kaɗa kuntigi abin ya shiga ransa, ya dawo ya rungume shi har ƙarshen rayuwarsa. Mai karatu ya dubi kuntigin nan da kyau: gwangwanin kifi ne aka rufe bakinsa da fatar akuya, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Gwangwani kuwa, kamar yadda bayani ya gabata, ƙarfe ne da aka shafe da kuza. In ana maganar kiɗan ƙarfe a zahiri, ni a ganina Ɗan Maraya ya fi su Iommi cancantar sunan, tunda su jitarsu katako ce.

Ba a kayan kiɗa kaɗai kamannin ya tsaya ba. A zamanin da manyan makaɗan ƙasar Hausa ke da ubangida, sarki ko attajiri, su zo da 'yan amshi da maroƙa da kalangai, shi wannan yaro shi kaɗai yake tsayawa da ɗan gwangwaninsa, kuma waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce. Wane ne karen mota? Yaron da ke kwana a ƙarƙashin babbar mota, ya sa waigi, ya ɗaura kaya, ya sha zagin direba da na fasinja. Irin wannan mutum ba a gidan sarauta ake samunsa ba, ɗan tasha ne, ɗan bariki, irin mutanen da kuza da jirgin ƙasa da manyan motoci suka tara a Bukuru da Jos. Haka ya ci gaba da Mai Akwai da Babu, da Jawabin Aure, da Auren Dole, da Gulma Wuya, inda yakan sauya murya ya zama miji ya zama mata ya zama magulmaciya shi kaɗai. Sauri da kaifin bugun kuntiginsa kuwa, duk wanda ya saurari tsofaffin faya-fayansa ya san ba kiɗan lallashi ba ne. Da zan iya, da na ɗora shi a dandamalin Wacken in ga yadda za a yi, kuma ina kyautata zaton da sun gane shi, ko da ba su ji kalma ɗaya ta Hausa ba.

Jos ta samu rabonta na kiɗan jitar lantarki a shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, lokacin da ƙungiyoyi irin su Funkees da BLO da Ofege ke tashe a Kudu. Akwai Sahara All Stars ta Jos wadda Dan Satch Ayo ya jagoranta, masu wasa a otal-otal da kulob-kulob na gari. Amma abin bai kai ga irin na Zambiya ba, inda garuruwan haƙar tagulla irin su Kitwe suka haifar da wani kiɗa mai ƙarar jita da ake kira Zamrock, da ƙungiyoyi kamar WITCH da Amanaz. Can albashin ma'aikatan ma'adinai ne ke sayen tikiti da faifai, da farashin tagulla ya faɗi sai kiɗan ya bi shi, har jagoran WITCH, Jagari Chanda, ya koma haƙar duwatsu masu daraja don ya ci abinci. Mu ma nan haka ta faru ta wata fuskar. Man fetur ya riga ya janye hankalin gwamnati, kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, sannan a watan Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe baki ɗaya. Kamfanoni suka naɗe tabarmarsu suka bar mana kududdufai da tsibin jar ƙasa, waɗanda duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ko Rayfield yana ganinsu har yau.

Duk da haka garin bai daina fitar da mawaƙa ba. Panam Percy Paul, P-Square da suka yi karatu a St. Murumba, M.I da ƙanensa Jesse Jagz, Ice Prince, Jeremiah Gyang, duk ruwan Jos suka sha. Sai dai yawancinsu sai da suka tafi Legas kafin duniya ta san da su.

Kada kuma a ce ai irin taron Wacken sai ƙasar Turawa. A Botsuwana, a wani gari na makiyaya da ke cikin hamadar Kalahari mai suna Ghanzi, ƙungiyar Overthrust ta fara shirya bikin kiɗan ƙarfe tun 2010, ana tara abin da aka samu a taimaka wa yara marasa galihu. Masoyan kiɗan a can sukan zo cikin baƙar fata tun daga sama har ƙasa da malafar makiyaya. A 2016 su Overthrust ɗin suka je har Wacken suka yi wasa. Ghanzi ba ta kai Bukuru yawan jama'a ba, ba ta da sanyinmu mai daɗi, ba ta da duwatsunmu.

Abin da suke da shi wanda ya kuɓuce mana shi ne filin da baƙo zai kwana kusa da baƙo. Haɗarin da masu shirya irin waɗannan taruka a Turai ke tsoro shi ne turmutsitsi, kamar yadda ya faru a Donington ta Ingila a 1988 inda mutum 2 suka mutu a cikin taron mutum dubu 107, ko Roskilde ta ƙasar Denmak a 2000 inda 9 suka rasu. Wannan matsala ce da ake magance ta da shinge da ƙofofi da ƙwararrun masu tsaro, kuma sun magance ta gwargwado. Tamu daban ce. Tun ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001 taron jama'a a Jos ya zama abin da ake shiga ana waige. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002. Aka sake yi a Nuwamban 2008. A Janairun 2010 wutar ta iso Bukuru kanta, kasuwa da gidaje suka ƙone, a Kuru Karama da ke nan kusa, wadda ita ma tsohon zangon 'yan kuza ce, aka kashe mutum aƙalla 150, akasarinsu Musulmi, aka jefa gawarwaki da dama a rijiyoyi. Ranar 7 ga Maris na shekarar aka shiga Dogo Nahawa da dare aka kashe ɗaruruwan mutane, akasarinsu Kiristoci Birom, mata da yara. Sai bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010, sai na kasuwar Taminus ranar 20 ga Mayun 2014 da suka ci rai aƙalla 118. Ɗan Maraya ya rasu ranar 20 ga Yunin 2015, kuma kwana 15 bayan haka aka kai hari wajen tafsirin azumi a masallacin 'Yan Taya da wani gidan abinci a daren guda. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba.

Sakamakon haka kowa ya san shi. Jikokin mutanen da suka yi dakon ƙasa a rami ɗaya yanzu kowa ya ja unguwarsa, har mai keke Napep ya san inda zai tsaya ya ce wa fasinja iyakarsa ke nan in dare ya yi. Ba wai an daina taruwa ba ne. Bikin Nzem Berom, wanda aka fara a 1981, yana tara dubban mutane a fili, da rawa da kiɗan kundung mai ƙahonin shanu, kuma ya cancanci a je a gani. Majami'u suna cika filaye da taron waƙoƙin yabo, Musulmi suna cika su da wa'azi da Mauludi. Amma kowanne taro da nasa mutanen, kuma kowa ya san wanda ake sa ran gani a wurin da wanda in an gan shi za a dube shi sau biyu. Irin taron da Ɗan Maraya ke yi wa wasa a da, inda Bahaushe da Birom da Ibo za su tsaya kafaɗa da kafaɗa suna dariyar magulmaciya ɗaya, shi ne ya yi wuya.

Bamingham ma ta rasa yawancin masana'antunta, kuma ta daɗe tana jin kunyar 'ya'yan nan nata masu hayaniya kafin ta rungume su. A 2019 aka sa wa wata gada a tsakiyar birnin sunan Black Sabbath. Ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun nan na asali suka yi wasansu na ƙarshe a filin ƙwallon Villa Park, a unguwar Aston inda suka tashi, gaban mutum wajen dubu 40, kuɗin da aka tara aka ce na asibitin yara ne da wasu ƙungiyoyin jinƙai. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne a zaune ya yi waƙar saboda rashin lafiya, ya mutu ranar 22 ga watan.

Da Ɗan Maraya yana raye, a 2026 yake cika shekara 80. In da za a ce a shirya masa taro a garin da aka haife shi, a gayyato masu kuntigi da masu kundung da yaran nan na Legas su dawo gida su yi wasa, ban jin kuɗi ko lasifika ne za su gagara. Tambayar da kwamitin zai fara zama a kanta ita ce a wane fili za a kafa dandamalin, wanda mutumin Gyel da mutumin cikin garin Bukuru duk za su yarda su kawo 'ya'yansu, sannan ƙarfe nawa za a tashi don kowa ya isa gida kafin duhu.